Motar tsere ta okaziyo a Diffa: lissafin da ya kamata a yi kafin a biya kuɗi

Ƙaramar mota mai ƙofa biyu, gajeriya, mai ƙarfin inji, wadda ake kira kupe, ba ta da yawa a titunan Diffa. Amma hotunanta na yawo a wayoyi, daga dillalan Yamai, Lome da Kano, kuma sau da yawa farashinta bai kai na RAV4 mai shekaru ɗaya da ita ba. Ga matashin da ya samu aiki a wata ƙungiyar agaji, ko ɗan kasuwar da tattasai ya yi wa kyau a bana, tambayar ita ce ko wannan arahar za ta ɗore bayan motar ta iso bakin Komadugu.

A Diffa sayen mota ba irin na sauran garuruwa ba ne. Tun watan Fabrairun 2015, bayan hare-haren Boko Haram a Bosso da Diffa, aka kafa dokar ta-ɓaci tare da hana hawan babur a jihar. Mutanen da suka saba zuwa aiki, kasuwa da gona a kan moto suka koma taksi da keke mai ƙafa uku, wanda ke da hali kuma ya nemi mota. Don haka motar da magidanci ya saya ita ce ta kai yara makaranta, ita ce ta asibiti, ita ce ta zuwa ta'aziyya a ƙauye. Da wannan ma'aunin ya kamata a auna kupe.

Wace irin mota ce?

An ƙera waɗannan motoci ne don daɗin tuƙi a kan kwalta mai santsi. Nauyinsu kaɗan ne, galibi tsakanin kilo 1,100 da 1,400, gangar jikinsu na kusa da ƙasa don kada su karkata a kwana, injinsu kuma yana ba da ƙarfinsa ne idan ya yi juyi sosai. Guda huɗu sun isa misali a kasuwar okaziyo.

Toyota Celica ta ƙarshe, wadda aka ƙera daga 1999 zuwa 2006, tana da inji mai lita 1.8. Mai ƙarfin doki 143 tana ɗauke da injin da ake kira 1ZZ-FE, irin wanda ke cikin wasu Corolla da Avensis. Mai doki 192 kuwa injinta daban ne, an haɗa shi da kamfanin Yamaha.

Toyota GT86 ta fito a 2012. Sunan Toyota ne a jikinta, amma kamfanin Subaru ne ya harhaɗa ta a Japan, kuma injinta mai lita 2 da doki 200 na Subaru ne, kwance yake da silinda biyu a dama, biyu a hagu. Ita ce dai ake sayarwa da sunan Subaru BRZ, a Amurka kuma da sunan Scion FR-S. Tayoyin baya ne ke tura ta.

Mazda RX-8, daga 2003 zuwa 2012, injinta ba shi da fistan. Wani ƙarfe ne mai kusurwa uku ke juyawa a ciki. Da gangan aka tsara shi yana ƙona ɗan man inji tare da isansi, saboda haka dole a riƙa duba mai a kai a kai.

Peugeot RCZ, wadda aka sayar daga 2010 zuwa 2015, tana da inji mai lita 1.6 da turbo, akwai kuma mai gazuwal. An san injin isansin da matsalar sarƙar da ke daidaita buɗewar bawul: takan saki, ta riƙa ƙara idan aka tayar da mota da safe.

Abin da ya sa suke araha a Turai da Amurka shi ne masu nemansu kaɗan ne, kuma wanda ya mallake su yakan rabu da su ne lokacin da babban gyara ya gabato. Wannan gyaran shi ne ke biyo motar zuwa Nijar.

Hanya ce ke fara magana

Tazarar da ke tsakanin cikin GT86 da ƙasa kimanin santimita 13 ce. Ta Corolla ta kai wajen 15, ta RAV4 na kusa da 20, Hilux da Land Cruiser kuma sun wuce haka. Santimita biyu ko bakwai ba su da yawa a takarda. A kan tudun rage gudu, ko a inda kwalta ta ƙare aka faɗa yashi, su ne ke raba motar da ta wuce da wadda ta zauna a kan cikinta.

A cikin garin Diffa manyan tituna ne ke da kwalta, yawancin lungunan unguwanni yashi ne. Mota mara nauyi da tayoyin baya ke turawa takan haƙa rami da zarar an taka mata wuta a cikin rairayi. Hanyoyin da ke sauka zuwa gonakin tattasai, albasa da shinkafa a kwarin Komadugu kuwa, sawun amalanke da na manyan motoci ne, tsakiyarsu a tashe. Kupe ba ta da wurin bi a nan.

Saura babbar hanya ta ƙasa mai lamba 1. Daga Diffa zuwa Maine-Soroa kimanin kilomita 70 ne, zuwa Ngigmi wajen 130, zuwa Damagaram wajen 470, zuwa Yamai fiye da 1,300. Tsakanin Maine, Gudumariya da Gure iska na kwaso yashi ta zuba a kan kwalta, manyan motoci kuma na barin ramuka masu kaifin baki. A nan taya ke shigowa. Tayar GT86 mai lamba 215/45 R17 ce, ma'ana tsayin robar da ke tsakanin ƙarfe da ƙasa bai kai santimita 10 ba. Ta Corolla mai lamba 195/65 R15 ta kusa santimita 13. Ramin da tayar Corolla za ta shanye, a kupe yana iya fasa taya ya lanƙwasa ƙarfen gaba ɗaya. Da yawa daga cikin irin waɗannan motoci ba sa zuwa da tayar safaya daga Turai, sai ɗan kwalban liƙi da famfo, wanda ba ya maganin tayar da ta tsage ta gefe.

Ruwa ma yana da nasa rabon. Komadugu kan cika ne a ƙarshen damina, daga Oktoba zuwa Nuwamba, saboda ruwanta daga kogunan Haɗejiya da Jama'are na Najeriya yake gangarowa. A 2019 da 2022 ta yi ambaliya har ta raba dubban mutane da gidajensu. Bakin da inji ke shaƙar iska a ƙaramar mota yana ƙasa-ƙasa. Idan ya zuƙi ruwa, inji kan tsaya nan take, ƙarafunan ciki su lanƙwashe, gyaran kuma sai sauya inji.

Isansi, zafi da ƙura

Ɗanyen man Agadem daga jihar Diffa yake fitowa, ana tace shi a matatar SORAZ kusa da Damagaram tun 2011. Duk da haka mai mota a Diffa ya san samun mai ba kullum yake da sauƙi ba. Shekaru da yawa ana dogaro da ruwa-ruwa, man kwalba da ake shigowa da shi daga Najeriya. Janye tallafin mai da Najeriya ta yi a watan Mayun 2023 ya kawar da arahar wannan man, jama'a suka koma gidajen mai, kuma a watan Maris na 2025 an ga dogayen layuka a garuruwan ƙasar.

Injin tsere yana matse isansi da iska fiye da na motar gida. Na GT86 yana matsewa ninki 12.5, kuma kamfanin ya ba da shawarar isansi mai lambar oktan 98, wanda gidajen mai na Turai ke ware wa famfo na musamman. A nan isansi iri ɗaya ake sayarwa. Kwamfutar motar na iya rage ƙarfin inji don ta kare shi daga ƙwanƙwasa, to amma ƙarfin da aka rage shi ne abin da aka biya kuɗi dominsa. Man kwalba da ya sha rana, ko wanda ƙura da ruwa suka shiga, yana toshe allurar da ke fesa mai, kuma allurar irin wannan inji tana da tsada.

Ga lissafin tafiya guda. A farashin da gwamnati ta sanya a watan Yulin 2024, sefa 499 kowace lita, motar da ke shan lita 8 a kilomita 100 za ta ci wajen lita 38 daga Diffa zuwa Damagaram, kusan jika 19. RX-8 da ke shan wajen lita 12 za ta ci lita 56, kusan jika 28, ban da man inji da za a ƙara mata a hanya. Zuwa da dawowa bambancin ya kai jika 18.

A watannin Afrilu da Mayu zafi na wuce maki 40. Wurin injin kupe a cushe yake, iska ba ta zagayawa sosai, kuma turbo na ƙara masa zafi. Radiyato da fanka dole su kasance lafiya ƙalau, ruwan sanyaya inji kuma na kanti ne ya kamata a zuba. Ruwan rijiya, musamman mai kanwa irin na yankin Manga, yana cin alminiyon inji daga ciki. Da hunturu kuma ƙurar da ke tasowa daga kwarin Bodele na Chadi tana fara sauka ne a yankin tafkin Chadi. Matatar iskar da littafin mota ya ce ta yi shekara biyu a Faransa ba za ta yi rabin haka a Diffa ba, haka ma bidanji, sai an matso da lokacinsa. GT86 kuma ba ta shan man inji mai kauri da ake aunawa a bakin kasuwa, mai lamba 0W-20 aka rubuta mata.

Wa zai gyara, ina kayan suke?

Makanisiyen Diffa sun ƙware a kan motocin da suke gani kullum: Corolla, Starlet, Hiace, Hilux, Land Cruiser. Kayan gyaransu na nan a gari, wanda babu kuma ana aiko shi daga Damagaram, Maiduguri ko Kano cikin ƴan kwanaki. Sunan Toyota a goshin GT86 na iya ruɗar mai saye, domin kayan injinta na Subaru ne. Ko sauya fulogi a cikinta aiki ne, tunda suna maƙale a gefe kusa da jikin mota. Injin RX-8 kuwa na'urar auna matsinsa ma ta musamman ce, kuma idan robobi da ƙarafunan da ke rufe kusurwoyinsa suka cinye, sai an buɗe shi gaba ɗaya.

Abin da ba a samu a Kano ba sai an nemo shi a Legas, Dubai ko Turai, a biya kuɗin jirgi da na duwan, a jira makonni. A cikin waɗannan makonnin mai motar na biyan taksi, asiransinsa na tafiya, motar na shan ƙura a garaji. Gilashin gaba, fitila da bamba su ne suka fi wahalar samu, su ne kuma suka fi saurin fashewa. A cikin motoci huɗun da aka ambata, Celica mai doki 143 ce kawai makanisiyen gari zai buɗe ya ga injin da ya sani, sai dai ƙaramarsu ta doshi shekara 20, kuma an san injinan farko da shan mai.

Takardu da hanyar shigowa

Shekara da shekaru motocin okaziyo na Nijar ta tashar jiragen ruwa ta Kwatano suke sauka, su shigo ta Gaya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka rufe iyakar Benin, kuma ko da CEDEAO ta ɗage takunkumi a watan Fabrairun 2024, Nijar ta bar nata ɓangaren a rufe. Kaya suka koma bi ta Lome da Burkina Faso cikin ayarin da sojoji ke rakawa. Tafiya ta ƙara tsawo, kuɗin ɗauko mota ya ƙaru. Dillalin da ya faɗi farashin Lome bai faɗi farashin Diffa ba.

Motar da ke da lambar Najeriya, ko da an saye ta da naira a farashi mai daɗi, ba ta zama ta Nijar ba sai an biya duwan an yi mata kartigiri. Kafin a ba da ko dala, mai saye ya nemi takardar biyan duwan, kartigiri da sunan wanda ke sayarwa, da shaidar binciken lafiyar mota. Ya kwatanta lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17 da ke jikin mota da wadda ke cikin takardu, harafi bayan harafi. Da wannan lambar ake iya bincika tarihin motocin Amurka a intanet. Binciken yana da muhimmanci ga FR-S da BRZ, domin da yawa daga cikin motocin da ake fitowa da su daga can a gwanjon kamfanonin inshora ake sayensu, bayan haɗari ko ambaliya. A ƙarshen 2018 an kuma yi kiran GT86, BRZ da FR-S na farko-farko don sauya sifirin ɗin bawul da ke iya karyewa, saboda haka a nemi shaidar an yi wannan aikin.

Binyet da asiransi suna hawa ne gwargwadon dawakin haraji da aka rubuta a kartigiri, kuma kupe na da dawaki fiye da motar gida mai girmanta. Asiransin dole yana biyan ɓarnar da aka yi wa wani ne kawai. Idan motar ta daki jaki ko ta faɗa rami, gyaranta daga aljihun mai ita zai fito. Wasu masu arahar kuma sitiyarinsu a dama yake, daga Japan ko Ingila. A hanyar da ake tuƙi a hannun dama, direban irin wannan mota ba ya ganin gaba idan zai wuce kamiyo.

Gudu da tsaro

Motar da ke iya wuce kilomita 200 a awa ba ta da inda za ta yi shi a jihar Diffa. Akwai shingayen jami'an tsaro a mashigar garuruwa, kuma motar da ta taho musu a guje, mai ƙarar salansa da baƙin gilashi, tana jefa na cikinta cikin haɗari. A gefen babbar hanya, gabas da Diffa, tun 2015 da 2016 dubban ƴan gudun hijira suka kafa matsugunai, yara da masu ɗiban ruwa na tsallaka kwalta dare da rana. Ga raƙuma, shanu da amalanke marasa fitila.

A gudun kilomita 100, mota na cin mita 28 a daƙiƙa ɗaya da direba ke ɗauka kafin ya taka birki, sannan wajen mita 40 kafin ta tsaya a busasshiyar kwalta. A gudun 140, daƙiƙar ta zama mita 39, birkin kuma ya kusa mita 80, domin nisan tsayawa yana ninkawa fiye da yadda gudu ke ƙaruwa. Idan akwai yashi a kan kwalta lissafin ya wuce haka. Wanda ya samu mummunan rauni har asibitin jiha ya tura shi gaba, babban asibitin ƙasa na Damagaram na nesa da kilomita ɗaruruwa.

Akwai kuma maganar ido. Yankin ya sha fama da satar mutane don kuɗin fansa, kuma masu yi suna bin wanda ake ganin yana da abin hannu. Corolla fara tana ɓacewa cikin ƴan uwanta. Jar kupe guda ɗaya a gari kowa ya san mai ita, ya san gidansa da lokacin fitarsa.

Ranar ciniki

Wanda ya auna duk wannan ya ga har yanzu yana so, kada ya saya daga hoto. Ya je da makanisiyensa, ba na dillali ba, ya isa da sassafe kafin a tayar da motar, domin inji mai sanyi ne ke fallasa ƙarar sarƙa da shuɗin hayaƙin da ke nuna ƙonewar mai. RX-8 kuma akasin haka ake gwada ta: a kashe ta bayan ta yi zafi, a sake tayarwa. Idan ta yi gardama, matsin injin ya ragu.

A ɗaga motar a duba cikinta, a nemi alamar walda, tsatsar gishirin titunan Turai da ɗigar mai. A ɗaga kafet a shinshina, a duba ƙarƙashin kujeru ko akwai busasshen laka. A kunna makulli a tabbatar fitilar inji da ta jakar iska sun kama sannan sun mutu, domin akan cire ƙwan fitilar don ɓoye matsala. A saka na'urar karanta kwamfutar mota. A jikin kowace taya akwai alƙaluma huɗu da ke nuna mako da shekarar ƙira: 2316 na nufin mako na 23 na 2016. Tayar da ta wuce shekara shida, ko mai hoton ƙanƙara da aka yi don sanyin Turai, ba za ta jure kwaltar watan Mayu ba, sai a cire kuɗin sababbi huɗu daga farashi. A ƙarshe a tuƙa ta da kilim a kunne na aƙalla rabin awa, ana kallon allurar zafi.

Wa ta dace da shi?

Kupe na iya yi wa mutumin da ya riga ya mallaki motar gida, wanda gidansa da wurin aikinsa ke bakin kwalta, yake da inuwar ajiye ta, kuma zai iya ware kimanin kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin motar don gyaran shekarar farko ba tare da ya taɓa cefane ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Ga wanda ita ce motarsa ta farko, ko wanda zai ci bashin banki a kan albashinsa, ko zai taɓa jarin iri, taki da man injin ban-ruwa na noman rani, lissafin bai fita ba. Kujerun bayanta yara ƙanana ne kawai ke iya zama a ciki, but ɗinta ba ya ɗaukar buhun tattasai biyu, kuma kwangilar aikin ƙungiya na iya ƙarewa kafin bashi ya ƙare. Ranar da buƙata ta taso, Corolla ko Hilux na samun mai saye a Diffa cikin kwanaki. Mai kupe yakan ɗora tasa a kan kamiyo zuwa Damagaram ko Yamai, ya biya kuɗin ɗauka da ladan dillali, sannan ya jira wanda zai taya.